Takin Rahila

Shekarar da taki ya yi ɓatan dabo a kasuwar Ƙanƙara, masarar Malam Ɗanliti ta Pauwa ta kai gwiwa ta tsaya cak, ganye ya fara rawaya. Gonar nan kuwa ita ce tuwon gidan na shekara. Matarsa Rahila kullum da tunaninta take kwana.

Shi malam ko a jikinsa. Cewa yake gwamnati ta yi alkawarin taki, kuma za ta kawo. Amininsa Yusha'u, tsohon ɗan kasuwa, ya ce ina, a bar 'yan kasuwa kawai, in suka gaji da ɓoyo da kansu za su fito da shi. Haka suke wuni a ƙofar gida suna musu, sai ka ce musu yana sa masara tsawo.

Rahila dai aiki ta kama. Ta daka daddawarta, ta bi gida-gida: a ba ta sharar turken awaki da ta akurkin kaji, ta ba da daddawa. Mata suka yi ta tsokanarta, wai ta buɗe kasuwar kashi. Kafin a ankara tsibi ya tashi a bayan gida ya kusa kai danga. Sai dai kash, gonar na can nesa bayan rafi, jaki kuma babu.

Ana nan sai ga motar takin gwamnati. Gari ya ɗauki guɗa, malam har da sa babbar riga. Da aka leƙa, wayam! Taki ya ƙare tun a ƙauyukan hanya. Direban, wani Abdulgafar, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Rahila ta matso ta tambaye shi ko motar nan ba ta taki ba ce. Ya ce ita ce.

"To ɗana, ga taki can bayan gida. Kai mani gona."

Ya dubi tsibin, ya toshe hanci, ya kwashe da dariya. "Inna, a loda!"

Matasa suka ɗauko shebur. Malam ya tuɓe babbar rigar, Yusha'u ya naɗe wando, aka yi ta lodi ana shewa. Aka kai gona aka baza, ruwa ya sauka a kai, ba a jima ba masara ta yi kore shar, ta yi goyo har bibbiyu.

Ranar da aka gasa ta fari, musun ya dawo sabo. Malam ya rantse gwamnati ce ta cece su, tunda motarta ta kai. Yusha'u ya ce ciniki ne tsantsa, ba daddawa aka biya ba? Suka juyo ga Rahila ta raba gardama.

Murna fal cikinta, ta tattara ɓawon masarar a faifai ta nufi turken awakin maƙwabta.

"Ku ci gaba, Malam. Bari in fara sallamar masu takin."