Baƙin Garin da ke Kan Taga

Aina'u ta danne kan jaririn a cinyarta tana kwarara masa ruwan buta a ido, shi kuma yana tsala kuka. Ɗan yayanta Dabo ne, da safiyar nan aka raɗa masa suna Abdulkabir. Matan da suka zo suna sun kewaye su a tsakar gida.

"Kwallina ne ya ƙare," in ji Inna, mahaifiyar su Aina'u. "Sai na ga kwalbar a tagarki, baƙi wuluk, ga laushi."

Ba kwalli ba ne. Gawayin karan dawar gonarsu ne, wanda Aina'u ta haɗa da garin ƙarfe a ɗakin gwajin jami'a. Aikinsa shi ne ya sa barasar da ake tatsa daga tsirrai ta kama sinadarin naitirojin, su ƙulla wani zoben sinadari da ake gina magunguna a kansa, ba tare da an bar dafi a baya ba. Da yajin aiki ya rufe makaranta, ta taho da shi gida don kada ya salwanta.

Dabo ya tokare bakin ƙofa. "To, Dakta, maganin naki ya fara aiki. A kan ɗana."

"Yaya, je ka nemo babur."

"Miƙo min shi."

"Sai na gama."

Ruwa ya fitar da garin da ke idon hagu. Na dama kuwa ya maƙale a ƙarƙashin fata, idon ya kaɗa ya yi jajir. Ta zaro maganaɗisun da take tsamo garin da shi bayan kowane gwaji, ta naɗe shi a leda mai tsabta, ta buɗe fatar idon ta kara shi kusa. Baƙaƙen ƙwayoyi suka riƙa tsalle suna mannewa.

A asibitin Bici likita ya daɗe yana haska idanun. Ya ce na hagu lafiya lau. Na dama ya kakkarce, sai dai a gwada Kano, amma kada su sa rai.

"Wa ya sa masa?" in ji likitan.

Inna ta buɗe baki za ta amsa.

"Ni na ajiye shi a taga," in ji Aina'u. "Ni za ka rubuta."

Da suka dawo, Dabo ya fito da akwatin Aina'u ya dire a zaure. Ba ta roƙi kowa ba. Ta zauna a kansa, ta warware ledar maganaɗisun, ta karkaɗe ƙwayoyin suka koma cikin kwalbar. Daga ɗaki tana jin Ramlat, uwar yaron, tana rarrashinsa da muryar da ta dushe.

Ta ɗaga kwalbar ta duba. Babu abin da ya sami garin. Haka ta haɗa shi da hannunta: ya shiga abu, ya canja shi, ya fito yadda yake.

Ta ɗaure murfin tam, ta sa a jaka.