Fentin da Na Shafa a Ɗakin Yara

"Baffa, me ya sa Mama ta ce idan ka zo a ɓoye guduma?"

'Yata ce ta yi tambayar. Shekarunta biyar, tana tsaye a ƙofar ɗakinsu da rabin biskit a hannu. Babanta 'Yar Jarida yake kiranta, don magana ba ta kwana a cikinta. Wanda ta tambaya kuwa yayan maigidana ne, mai gyaran famfo. Ya riga ya tsuguna gaban bango, ya buɗe jakarsa, ya fito da guduma da ƙarfen fasa gini.

Ni ina bayanta da jariri a kafaɗa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ya juyo a hankali. "Wace gudumar, uwata?"

"Tamu ta gida. Ta ce wa Baba idan ka taɓa bangon nan mun shiga uku."

Maigidana ya hau tarin da babu shi. Yaya bai dube shi ba, ni ya duba. "Maman yara, haka ne?"

Bari in koma baya kaɗan. Wata goma sha ɗaya ke nan da muka tare a gidan. Sabo ne fil, cikin rukunin gidajen da wani kamfani ya gina: ɗaki biyu, falo, kicin, banɗaki ɗaya da ya raba bango da ɗakin yara. Ranar da aka ba mu makulli an haɗa mana da takardar garanti mai shafi tara. Maigidana ya jefa ta cikin aljihun mota. Ni na ɗauko na karanta, layi bayan layi, lokacin ina da ciki ba na iya komai sai zama. Ta ce shekara ɗaya kamfani ke da alhakin bututun ruwa da wayoyin wuta da ƙofofi da tayil. Ta lissafa abin da yake kanmu: share kwatar rufi kafin ruwan sama, leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke kowane wata, sa mai a hinjin ƙofofi. Duk ina yi, har na rubuta a kalandar kicin. Sai sharaɗi biyu da aka ja wa layi. Duk matsalar da aka gani a kai rahoto a rubuce cikin mako biyu. Kuma idan wani da ba ma'aikacinsu ba ya fasa bango, garantin wannan wurin ya faɗi.

A wata na bakwai na ga tabo a ɗakin yara, ƙasa-ƙasa, faɗinsa kamar faranti. Maigidana ya buga wa shugaban ma'aikatan kamfanin waya, mutumin ya ce suna tafe. Sau uku ana haka, kullum suna tafe. Daga baya 'Yar Jarida ta fara tarin da ya ƙi jin magani, kullum da safe sai ta tashi ƙirji na ƙugi. Likita ya tambaye ni ko akwai danshi a inda take kwana. Na dawo gida na ja kabad ɗin kayansu, sai ga bango ya yi baƙi da fumfuna, wari ya buge ni har maƙogwaro. A ranar na kwashe katifarta na kai ɗakinmu.

Saura mako uku garantin ya ƙare. Maigidana ya gaji, ya kira yayansa. Shi ne na ce wa maigidan nawa, a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, abin da yarinyar nan ta kwashe ta zuba a gaban kowa.

"Haka ne, Yaya," na ce. "Na faɗa."

Ya ajiye ƙarfen a ƙasa. "Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki. Wannan da kike gani," ya nuna maigidana da haɓa, "da kuɗin famfo na sa shi makaranta. Yau kuma gidansa ya fi ƙarfin hannuna."

"Yaya, ba haka take nufi ba," in ji maigidana.

"Kai, yi mini shiru. Bar ta ta faɗi da bakinta."

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni cikin danginsu. Amma na tuna ƙugin ƙirjin yarinyar. Idan garantin ya faɗi, ban san ranar da za ta koma ɗaki busasshe ba. Na miƙa wa maigidana jaririn, na shiga na ɗauko takardar, na buɗe shafi na shida na ba Yaya da hannu biyu.

"Ba hannunka nake shakka ba. Su nake shakka. Kana buga guduma sau ɗaya, sun sami abin da za su fake da shi."

Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Ya daɗe yana karantawa, leɓensa na motsi. Sai ya yi tsaki.

"'Yan duniya. Su yi aikin banza, su kuma hana a gyara." Ya naɗe takardar. "Ashe lauya ka aura ba ka gaya mana ba. To, Lauya, an hana ni taɓa bango. An hana ni kallon mita?"

"Ba a rubuta ba."

"Ku je ku rufe duk wani famfo na gidan nan. Har tankin bayan gida, kada wanda ya ja ruwa."

Muka rufe. Ya kai mu waje bakin katanga inda mitar ruwa take, ya ɗaga murfin, ya goge gilashin da babban yatsa. Akwai wani ɗan jan abu mai kama da tauraro a tsakiya. Yana juyawa a hankali, ba ya tsayawa.

"Kun gani? Babu mai amfani da ruwa, amma ruwa na tafiya. Bututu ke yoyo a cikin bango, kuma na rantse a gwiwar bututun da ya hau zuwa shawa ne. Ɗauki wannan a waya, da lambar mitar. Bayan awa ɗaya ki sake ɗauka." Ya mayar da murfin. "Kuma kafin su zo, ku riƙa rufe babban famfo idan ba kwa buƙatar ruwa. Shi ma an hana?"

Bai tsaya cin abinci ba. Amma da zai hau babur ya ja kunnen 'Yar Jarida ya ce gobe ma ta kawo masa labarai.

Washegari na goya jariri na tafi ofishin kamfanin da wasiƙa kwafi biyu. Matar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce babu wani rahoto daga gidanmu.

"Mun kira shugaban ma'aikata sau uku."

"Ai ya bar aiki tun watan jiya, Madam. Waya ba rahoto ba ce." Ta karɓi ɗaya za ta sa a tire.

"Don Allah ki buga mini hatimi a tawa, da kwanan wata."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta buga.

Ranar Alhamis injiniyarsu ta zo, wata doguwa mai takalmin aiki, da ma'aikata biyu. Ta kalli abin da na ɗauka a waya ta gyaɗa kai. Ta shiga ɗakin yara da wata 'yar na'urar gano danshi tana dangwala ta a bango. Na'urar na ƙara a wurin tabon, ta matsa gefe tana ƙara, ta kai har kusurwar taga tana ƙara. Injiniyar ta tsuguna ta ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa, uku suka amsa kamar ganga. Sai ta ciro makullin motarta ta kankare bangon kaɗan, ta ɗago ɓawon a tafin hannu.

"Wannan fenti hawa uku ne. Mu ɗaya muka yi. Wa ya ƙara biyu?"

Maigidana ya buɗe baki. "Ai wataƙila masu ginin ne suka…"

"Ni ce," na ce.

Wannan ne abin da ban gaya wa Yaya ba, ban kuma gaya wa likita ba. Mako biyu bayan na ga tabon, surukata ta aiko za ta zo ganin jariri, ita da ƙannenta biyu. Ba su taɓa ganin gidan ba. Duk dangi sun ji ɗansu ya shiga sabon gida, ni kuwa na kasa jure a shigo a ga bango da tabo kamar na fitsarin kwance, a koma ana cewa matarsa ba ta iya riƙon gida ba. Akwai ragowar fentin da muka shafa wa ƙofar waje, fentin mai ne mai ƙyalli, kalarsa ta yi kusa da ta ɗakin. Na shafa da kaina yara na barcin rana. Ya yi kyau. Bayan wata guda tabon ya leƙo ta gefe, na sake shafawa, na tura kabad na rufe wurin. Ni da na haddace shafi na shida, ban ɗauki fenti a matsayin taɓa bango ba. A ganina kwalliya ce kawai.

Injiniyar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce fentin mai ba ya barin bango ya sha iska. Ruwan da ya kamata ya fito wuri ɗaya kowa ya gan shi, na toshe masa hanya, sai ya bi ta cikin filasta ya yaɗu, ya gangara ƙarƙashin tayil.

"Da kin bar shi da muninsa kin kawo takarda a lokacin, aikin yini ɗaya ne."

Ma'aikatan suka fasa ta ɓangaren banɗaki. A gwiwar shawa ne, kamar yadda Yaya ya faɗa. An cusa bututun ba a shafa masa gam ba ko ɗigo. Injiniyar ta ɗauki hoto, ta rubuta a gabanmu: bututun laifinsu ne, wasiƙata ta shigo cikin wa'adi, za su gyara shi da ramin da suka fasa. Sauran bangon ɗakin yara da tayil ɗin da suka ɗaga da kabad ɗin da bayansa ya ruɓe, wannan namu ne, domin wata huɗu matsalar tana nan babu rahoto, kuma an rufe ta. Ta miƙo mini biro. Na karanta sau biyu ina neman inda zan yi gardama, ban samu ba. Na sa hannu.

Har mota maigidana ya raka su. Da ya dawo ya tarar da ni tsaye a ɗakin. Na ɗauka zai ce wani abu game da fentin. Sai ya ce, "Ni ma da na rubuta musu maimakon waya." Muka kama kabad ɗin tare muka fitar da shi tsakar gida.

An kankare filastar har zuwa bulo, aka bar tagogi a buɗe da fanka tana kaɗawa. Mako shida bangon ya ɗauka kafin ya bushe. Duk tsawon lokacin mu huɗu a ɗaki ɗaya, katifar 'Yar Jarida a gefen gadonmu, ana tsallake ta a je banɗaki. Tarin ya fara sauƙi a mako na biyu. A na biyar likita ya saurari ƙirjinta ya ce mu daina maganin.

Ke da aka miƙa wa makullin sabon gida, ki ji ni da kyau. Ranar da kika ga tabo ko tsaga ko tayil ya ɗaga, kada ki goge, kada ki shafa komai, kada ki tura kaya ki rufe, ko da dangin duniya ne za su zo. Ki ɗauki hoto, ki rubuta takarda, ki kai da ƙafarki a buga miki hatimi a ranar. Kuma kada ki bar yaro ya ƙara kwana ko ɗaya a jikin wannan bangon.