Injin Gugguru Uku a Kan Kantar Shago

Ranar da hannun rigar matarsa ya kama da wuta, tela yana shago yana datsa wuyan wata riga. Kafin ya iso gida maƙwabciya ta riga ta kashe wutar da jiƙaƙƙen tawul. Ƙunar ba ta kai faɗin tafin hannu ba. Tukunya na kife a ƙasan kicin, gugguru ya watsu har ƙarƙashin firij.

Shekara uku ke nan idanun matar suna dusashewa, likita kuma ya ce ba za su dawo ba. Haske da duhu kawai take bambancewa, sai inuwar mutum idan ya gifta. Girki ya bar hannunta tuntuni, 'yarsu, wadda nas ce, ita ke aiko musu da abinci a kula. Abu ɗaya ya rage mata a kicin: gugguru, duk Asabar da jikoki ke zuwa. Da kunne take yinsa. Ta zuba mai, ta jefa ƙwaya uku, ta jira su fashe, sannan ta juye sauran masarar ta rufe tana girgizawa. Da ta ji fashewar ta fara ja da baya sai ta sauke. Bai taɓa ƙone mata ba. Tela yakan tsaya a bakin ƙofa, in akwai baƙo ya yafito shi: "Zo ka ga ikon Allah. Masu idon ma ba su iya haka ba."

Bayan nas ta ɗaure ciwon, ta ja mahaifinta waje.

"Baba, Inna ta gama da wuta. Inji za mu saya mata, wanda ake jonawa da lantarki."

"Inji ya yi guggurun, ita kuma ta yi me? Ta tafa masa?"

"Ta zauna da fatarta a jikinta. Ni na san abin da nake gani a wurin aiki."

Kwana biyu tela yana juya maganar bisa keken ɗinki, har ya ɗinke bakin aljihun wani wando bai sani ba. In ka hana mutum abu na ƙarshe da yake yi wa gidansa don kada ya ji ciwo, ka tsare shi ne ko ka fara binne shi da rai? In kuma ka bar shi, wata rana wutar ta haura kafaɗa, da wane baki za ka ce mutuncinsa kake karewa? Duk ɓangaren da ya tsaya sai ya ga laifi yana jiransa a can.

Ranar Laraba da hantsi suka tafi shagon kayan kicin, shi da nas. Mai shagon gajere ne mai surutu, yana da gwangwanin masara a ƙarƙashin kantar shagon don gwada wa masu saye. Ya jera musu guda uku.

"Wannan tukunya ce, amma da mariƙi a murfi. Kana murzawa, ƙarfen ciki na juya masara. A kan wuta ake ɗorawa."

"Ajiye ta can," in ji nas.

"To Anti. Wannan kuwa faranti ne na lantarki, da kansa yake juyawa, sai dai ba ya kashe kansa. In ya gama ka kashe, ka kife shi, murfin ya zama kwano. Na ukun nan shi ne na malalata irina. Iska mai zafi yake hurawa, ba mai, ba juyi. Ka zuba, ka danna, ka tara kwano."

Tela ya ce a gwada masa na lantarkin biyu. Da aka kunna na farantin sai ya rufe idanunsa gam. Mai shago ya dubi nas.

"Baba addu'a yake yi wa injin?"

"Ƙyale shi."

A cikin duhun idonsa tela ya ji komai: mai ya fara kuka, ƙwaya ɗaya ta fashe, biyu, sai ruwan fashewa, sannan ya fara tsagaitawa. Ya ɗaga hannu. "Kashe." Aka kashe. Ko ƙwaya ɗaya ba ta yi baƙi ba. Amma da ya lalubo hannayen injin don ya kife shi, gefen yatsansa ya taɓa farantin. Ya janye da sauri, ya cusa hannun a aljihu. Nas ta gani.

Aka kunna mai iskar. Ya sake rufe ido. Ba abin da ya ji sai gurnanin fanka, kamar na injin busar da gashi. Fashewar tana can ƙasa, a nitse, ba ka sanin farkonta balle ƙarshenta. Da ya buɗe ido kwano ya cika fari tas.

"Wannan ba ya buƙatar kowa," in ji tela.

"Shi ne daɗinsa ai, Baba," in ji mai shago.

"Shi ne aibinsa."

Nas ta ce mai iska za a ɗauka. Tela ya ce na faranti, don a nan kunnen Innarta zai ci gaba da aiki. Ta ce ya fito da hannunsa daga aljihu a gani. Ya ƙi. Suka tsaya cirko-cirko, mai shago yana tsintar gugguru yana jefawa a baki, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni fa ba na shiga maganar gida," ya ce. "Amma wadda ake ta wannan shari'a a kanta, tana magana kuwa?"

Tela ya ji kunyar da ya daɗe bai ji irinta ba. Kwana biyu yana auna hakkin matarsa ta kowace fuska, bai taɓa zama a gefenta ya tambaye ta ba.

Nas ta ɗauki mota ta je ta taho da ita. Ta shigo a hankali, hannunta naɗe da bandeji, tana shinshina iska. Ta lalubo kwanon guggurun ta ɗanɗana ɗaya.

"Wa ya yi wannan? Gishirin ya yi kaɗan."

"Inna, ni ne mai laifin," in ji mai shago, ya tura mata kujera.

Ta ƙi zama. Ta bi injinan da hannunta mai lafiya ɗaya bayan ɗaya. Ta murza mariƙin tukunyar sau biyu ta yi murmushi, ta ce da wannan ta samu tana da ƙuruciya da kafaɗarta ta huta. Ta shafa farantin, wanda ya riga ya huce, ta tambayi yadda ake kifewa. Ta zura yatsa a bakin mai iskar, ta lalubo maɓallin, ta danna ta kashe, ta danna ta kashe.

"In na manta da shi a kunne fa?"

"Zai yi ta hura iska ne, Inna, har ƙarar ta ishe ki ki kashe. Sai dai kar ki taɓa murfin sama sai ya huce."

"Ba harshen wuta ko kaɗan?"

"Ko na ashana."

"To shi nake so."

Tela ya matso. "Ba ki ji ƙararsa ba ne. Ba za ki ji fashewar ba, ba za ki san lokacin da..."

"Malam." Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take, ta ɗan kauce kaɗan, kamar kafaɗarsa take yi wa magana. "Na fi shekara ina tsoron murhun nan. Duk ranar Juma'a gabana faɗuwa yake, don na san gobe Asabar. Ba na ganin wutar, zafinta kawai nake ji, ban san inda ta tsaya ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kai ne. Ina jin ka a bakin ƙofa kana kiran mutane su zo su gani. Muryarka a lokacin takan koma irin ta da, kafin likita ya yi maganarsa. Na ce bari in bar maka wannan."

Nas ta juya tana karanta rubutun jikin wani kwali. Mai shago ya sunkuya ƙarƙashin kanta yana neman abin da bai ɓata ba.

Tela ya tsaya da hannunsa a aljihu, yatsan na yi masa zugi. Ya ɗauka shi ke riƙe mata wani abu kada ya suɓuce. Ashe ita ce ke tsaye gaban wutar da ba ta gani, mako bayan mako, don kada mijinta ya yarda cewa matarsa ta makance. Ya nemi kalmar da zai faɗa, ta ban haƙuri ko ta kare kai, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi ƙanƙanta.

"Amma ba ya ɗaukar mai," ya ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Gishiri ba zai kama ba."

"Sai ka narka man shanu a cokali ka kawo mini. Kai kana ganin wutar ai."

"Ban iya ba."

"Ka koya. Mutumin da ya koya wa kansa ɗinki da tsohon keke, cokali ne zai gagare shi?"

Mai shago ya ɗago yana dariya, ya sa injin a kwali ya ɗaure da igiya. Tela ya rungumi kwalin da hannu ɗaya. A bakin ƙofar shagon akwai matakala biyu zuwa titi. Ya tsaya, ya miƙa mata gwiwar ɗaya hannun.

"Akwai matakala," ya ce. "Biyu ne. Ta farkon ta fi tsawo."

Ta kama shi, suka sauka.