Safar Hannun Yadullah

Iska ta tafi da safar hannun Hashmat ta dama a can sama, kusa da inda dutsen Damawand ke fitar da hayaƙin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya cire ta ne don ya zaro dabino daga aljihu, ya danne ta da gwiwa, gwiwar ta zame. Suka bi ta da ido har ta ɓace.

Su biyu ne kaɗai a kan dutsen. Hashmat mai alfadarai ne, da rani yana kai wa baƙi kaya sama. Yadullah mijin ƙanwarsa ne, mai gurasa a garin Rine. Duk hunturu sai sun hau, lokacin da ƙanƙara ta kori kowa, ba don komai ba sai don su samu abin yi wa juna gori har shekara ta zagayo.

Yadullah ya zare tasa safar ya miƙa. "Ungo, Yaya."

"Mayar. Allah ya kare hannunka. Ni ba na jin sanyi."

"Gemunka ya daskare kamar tsintsiya, kana ce mini ba ka jin sanyi."

"Da gemu nake riƙe gatari? Mayar, na ce."

A wurinmu ba a karɓar tayi da fari. Ko shayi ne sai ka ƙi, a sake, ka ƙi, a haɗa ka da Allah, sannan ka karɓa. Wanda kuma ya yi tayi ya janye, ya nuna na baki ne. To Yadullah ba zai janye ba. Hashmat kuwa ba zai karɓi abu daga hannun ƙane ba, balle hannun da ke ciyar da ƙanwarsa. Ya cusa nasa a hammata a cikin riga, ya bar na Yadullah a miƙe cikin iska.

"Ni tsoho ne," in ji shi. "Alfadari ba ruwansa da yatsuna nawa. Kai kullu ke jiranka."

"Hannuna ya sha wutar tanderu, fatarsa ta fi ta alfadarinka kauri. Karɓi, kada Mahbuba ta ce na kashe mata wa."

"Cewa za ta yi ka yi mata aiki."

Suka yi dariya, iska ta cika musu baki da ƙanƙara. Yadullah ya ɗora safar a kan dutse, ya taka ta. "Na haɗa ka da Allah. In ba ka ɗauka ba, zan ɗaga ƙafa ta bi 'yar'uwarta."

Sai a lokacin Hashmat ya sunkuya ya ɗauka, yana zaginsa.

Ƙololuwa na nan kusa, amma gajimare ya rufe ta, suka juya. Gangaren ya zama gilashi. Yadullah ne a gaba, yana saran wurin taka ƙafa da gatarin ƙarfe, hannu tsirara. Can Hashmat ya cire safar ya miƙo masa.

"Na ɗumama. Karɓi abinka."

"Kyauta ce za ta dawo? Ka raina ni ke nan."

"Aro na yi."

"Ban ba da aro ba. Kuma ya ma daina ciwo."

Hashmat ya san ma'anar hannu ya daina ciwo. Ya kama shi da kokawa, ya cusa masa safar da ƙarfi. Da suka isa masaukin dutse suka cire, yatsu biyu sun yi fari, sun yi tauri kamar kyandir. Hashmat ya buɗe rigarsa ya manna hannun a cikinsa.

A asibitin garin Amol Mahbuba ta same su. Ta duba hannun mijinta, ta zazzage jakarsa a kan gado don nemo masa rigar canji, sai ga safar ƙafa ta ulu, sabuwa, wadda ita ta saƙa.

"Wannan fa? Ba ta shiga hannu?"

Suka dubi juna.

"Ba ta zo mana a rai ba," in ji Yadullah.

"Ina za ta zo, kuna can kuna yi wa juna kara. Jakuna biyu a kan dutse, ɗaya ɗan uwata, ɗaya uban 'ya'yana." Ta zauna a bakin gadon tana shafa masa gashi, tana ci gaba da faɗa.

Likita ya cire manuniya da ta tsakiya. Da su mai gurasa ke ja wa kullu layi kafin ya shiga tanderu, in ba layi kuwa gurasa kumbura take yi, cikinta ɗanye.

Ranar da Yadullah ya sake buɗe shago, Hashmat ya zo da hannun riga a naɗe. Ya riga ya bar wa maƙwabcinsa alfadaran.

"Ko in riƙa ja maka layin?" ya ce, yana kallon ƙasa, yana jiran a ƙi.

Yadullah ya tura masa katakon kullu. "Wanke hannu tukun. Warin alfadari kake."

Layin Hashmat har yau a karkace yake, mutanen Rine na ci suna mita. Damawand na nan a bayan shagon, ana ganinsa ta taga. Cikinsu babu wanda ya sake hawa.