Kujerar Baya

Ƙungiyar malamai tana da wani shiri da take kira horon shugabanci. Sukan zaɓi malami matashi su haɗa shi da shugaban makaranta na tsawon shekara, wai ya koyi jagoranci, sai ka ce mura ce da ake ɗauka ta zama kusa. Ni aka haɗa da malamar kimiyyar makarantarmu, wadda muke kira Auta.

Ƙa'idar ranar ƙarshe ɗaya ce. Auta za ta hau kujerata ta jagoranci taron malamai, ni kuma in koma baya in kama bakina. Idan na ce uffan, ta faɗi, sai ta maimaita shekarar. Wakiliyar ƙungiya ta zauna kusa da ni tana tsarona kamar tukunyar da ke shirin tafasa.

Maganar ranar ita ce ɗakin karatu. Malamai suna so a kwashe littattafan a mayar da shi aji, domin ƙananan yara sun yi yawa har wasu suna zama a baranda. Matata, Allah ya jiƙanta, ita ta jera littattafan nan da hannunta. Tun rasuwarta babu mai shiga sai ni da gizo-gizo.

Malamin wasanni ya miƙe. "Ranki ya daɗe, shugabar aro, ɗakin nan ko ɓera ya daina zuwa. Ya ce karatun ya yi masa nauyi."

Aka fashe da dariya.

Auta ta ce, "Yaya, kai da ka fi ɓeran ƙoƙari, yaushe rabonka da shiga?"

"Ni ai likita ya hana ni ƙura."

"Da karatun duka?"

Suka ci gaba. Fanka tana juyawa a kasalance. Rana ta shigo ta taga, ƙurar alli tana iyo a cikinta, muryoyinsu suka yi nisa kamar na masu hira a tsallaken kogi. Sai ga ni a ɗakin karatun, cikin ƙamshin tsohuwar takarda. Matata tana tsaye kan kujera tana miƙa hannu zuwa kantar sama, tana cewa in riƙe mata kujerar, in daina karanta bayan littafi. Na riƙe. Littattafan suka riƙa sauka daga hannunta a hankali suna zama a gurabensu, kamar tantabaru da yamma. Ba ta gama ba, ni ma ban so ta gama ba.

Shirun da aka yi ne ya dawo da ni. Surutu ya ƙare, saura hukunci, kuma Auta ni take kallo. Ta san tarihin ɗakin. Ko tari na yi, za ta bar shi yadda yake, kowa ya san haka. Wakiliya ta juyo gaba ɗaya.

Na ɗaga kai na kalli fanka.

Auta ta gyara zama. "Yaran za su shiga ɗakin. Littattafan a raba su aji-aji, kowa ya ɗauki na fanninsa. Yaya, kai za ka yi dakon, tunda ƙarfi ne fanninka."

Aka tafa. Mutane suna son tafi, musamman idan ba nasu aka rushe ba.

Da aka watse, wakiliya ta yi wa Auta murna, ni kuma ta ce lallai na iya shiru. Auta ta tsaya a gabana tana murza yatsunta.

"Baba, na ɓata maka rai?"

"Kin yi daidai, 'yar nan. Abin da ya ɓata min ran ke nan."

Na ciro makullaina don in zare mata na ɗakin. Zoben ya yi tauri, sai da ta taya ni.