Fitilar Ɗakin Ɗan Fari

Jiya da dare na yi wani mafarki da har yanzu in na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska.

Wai ga ni a asibitin da za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, saboda mantuwar da yara suka ce ta fara yi mini yawa. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, kowa ya kifa lemarsa. Likitan bunsuru ne da farar riga, yana taunar katina.

"Hajiya Tasalla, faɗi sunayen 'ya'yanki."

Na jero su tsaf daga auta, na tsaya a na biyu.

"Saura ɗaya."

"Wannan yaron," na ce. Ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?

"Ta manta," in ji bunsurun.

Na buɗe baki zan yi masa gatse, sai na fasa. Na laluba a zuci, sunan ba ya nan.

Sai ga ni kwance cikin na'ura mai kama da turmi, tana ta daka. Hoton ƙwaƙwalwata ya fito: gida ne, ɗakuna lafiya lau, amma duhu. Aka yi mini allura, aka tura ni cikin na'ura ta biyu. Ita kuma fitilu kawai ta nuna, babu bango.

"Ɗaya gini take gani, ɗaya wuta," ya ce. "Sai an haɗa." Ya lashe hotunan biyu, ya manna, ya shanya a tsakiyar kasuwa.

Surukaina kaf suna wurin, har da waɗanda suka rasu. Wasu fitilun sun dushe, amma ɗaki ɗaya haske kamar gidan biki. Ga ni a ciki, na goya ƙaton da gemunsa, ina ta rangaɗa sunansa. Bunsurun ya ƙara sauti.

"Ashe haka kike, Tasalla?" in ji uwar mijina.

Kunya ta kashe ni. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, sai sama ta tsage.

Ƙarar hon ce ta tashe ni.

"Inna, za mu makara asibiti!"

Shi ne. Na laluba, sunan yana nan. Na ce, "Kai wannan, ina zuwa." Sannan na ja bargo na rufe kaina, na faɗe shi sau ɗaya a hankali, kada ya sake ɓace mini.