Jirgin Ja'afaru a Kududdufin Saulawa

Tun rasuwar Ja'afaru ɗan jirgin ruwan wasan yake kan kabad, matarsa Radiyya tana goge shi duk ranar da ta goge kwanukanta. Shi ya ƙera shi a shagonsa na gyaran rediyo a Ikara. Jikin na falanki ne mara nauyi, injin daga wata motar wasan yara ya ciro, farfelar kuwa gwangwanin madara ya yanka. Yana da rimot mai eriya, kana tsaye a bakin ruwa kana juya shi. Da ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Saulawa, jirgin nan da ɗansu Misbahu ta riƙo a hannu, sauran kaya aka ɗaure a bayan mota.

Da damina ta cika kududdufin bayan gari, Misbahu ya sa ta a gaba.

"Umma, Abba ya ce in ruwa ya cika za mu kai shi."

"Kai da wankan bokiti ma sai an yi dambe da kai?"

Ta san kududdufin. Ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, bakinsa iya ƙauri, taku kaɗan mutum ya rufta. Amma in ta hana, wata rana yaron zai saci jiki ya tafi shi kaɗai. Gara a kan idonta.

Ta sauko da jirgin, ta yi wa batirin caji, farfela ta juya. Sai ta ga tsaga a gindinsa. Ja'afaru da wani gam mai wari yake liƙewa, ba ta san sunansa ba, ba kuma wanda za ta tambaya. Ta jiƙa ƙaro, irin wanda take sa wa hulunan da take wankewa, ta dama shi da kauri, ta cike tsagar. Ya bushe ƙam. Ta ɗaura dogon zaren ɗinkin hula a bayan jirgin, don in ya tsaya ta jawo shi.

Bayan la'asar suka je. Ba kowa sai kwaɗi. Jirgin ya keta ruwa yana ƙugi, Misbahu yana riƙe da rimot, ita tana sakar wa jirgin zare.

"Umma, duba! Ni ne direba!"

Rabonta da jin wannan ƙarar tun mai jirgin yana raye. Ta tsaya tana saurare.

Sai da ƙarar ta fara shaƙewa ta tuna cewa da ruwa ake narka ƙaro. Jirgin ya karkata, ya tsaya cikin kainuwa. Ta ja zaren, kainuwar ta riƙe shi. Kafin ta waiwaya, Misbahu ya shiga har gwiwa.

Ta cafko rigarsa da hagu. Yana fizgewa yana kiran Abba, laka tana zame mata a ƙafa, zaren yana yankar yatsunta na dama. Hannu ɗaya ba zai riƙe shi ba.

Ta saki zaren.

Ta rungume shi da hannu biyu har eriyar jirgin ta nutse. Sannan ta goya shi, duk da ya wuce goyo, suka kama hanyar gida ta cikin dawa. Bai ƙara kuka ba. Tana dai jin rimot ɗin a gadon bayanta, yana ta danna shi a hankali.